Yadda ake zaɓen falmaran ta ruwa don gudun dogon zango a daji

Falmaran ta ruwa riga ce marar hannu, ta yadi mai raga, wadda mai gudu ke ɗorawa bisa rigarsa don ya ɗauki ruwa da ɗan guzuri ba tare da ya riƙe komai a hannu ba. A gaba, kan ƙirji, tana da dogayen aljihuna biyu da ake zura goruna masu laushi, kowane rabin lita. A baya akwai babban aljihu na salkar roba, wadda tiyo ke fitowa daga gindinta ya biyo kafaɗa ya tsaya kusa da baki. Abin da ya raba ta da jakar goyo shi ne ba ta rataya a kafaɗa, tana rungumar haƙarƙari ne, shi ya sa idan ta zauna daidai ba ta tsalle a bayan mutum.

Da yawa daga cikin waɗannan falmaran an ɗinka su ne da tunanin duwatsun Turai. Kamfanin Salomon yana Annecy ne a Faransa, a gindin duwatsun Alp, kuma babbar gasar da masu ɗinkin ke kallo ita ce UTMB ta Chamonix, mai kimanin kilomita 170, wadda aka fara a 2003. A can mai gudu yana buƙatar wurin sa rigar sanyi da ta ruwan sama, ruwan da dokar gasar ta wajabta masa ɗauka kuwa lita 1 ce mafi ƙaranci. Mai gudu a gefen Gulbin Maradi, ko a hanyoyin amalanke tsakanin gonakin gero wajen Tibiri, matsalarsa daban ce. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙasa yashi ce mai cin ƙarfi, inuwa kuma sai gawo nan da can. A nan ruwa ne kaya. Saboda haka zaɓen ba ya farawa daga kanti ko hoton waya, yana farawa daga sikeli.

Mataki na farko: ka auna zufarka

Ka nemi sikelin auna mutum, irin wanda ke nuna giram ɗari-ɗari. Da safe, bayan ka yi fitsari, ka hau shi da gajeren wando kawai, ka rubuta nauyin. Ka fita gudu na awa ɗaya cif, da saurin da kake yi a doguwar tafiya, a lokacin da ka saba fita. Ka tafi da ruwan da ka san yawansa. Ledar ruwa guda rabin lita ce, ta isa ma'auni. Da ka dawo ka tuɓe rigar da ta jiƙe, ka goge jiki, ka sake hawa sikelin kafin ka sha wani abu. Kowane kilo 1 da ya ragu daidai yake da lita 1 ta zufa. Sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya.

Misali, mutum ya hau sikeli da kilo 65, ya dawo da 64.2, kuma ya sha leda ɗaya. Ragin giram 800 ne, a ƙara mililita 500, zufarsa ta kama lita 1.3 a awa. Wannan ba abin mamaki ba ne a bazara. Masu gudu sukan zubar da tsakanin rabin lita zuwa lita 2 a awa, gwargwadon jiki da zafi. Ka yi wannan awo sau biyu aƙalla, ɗaya da hunturu ɗaya da bazara. Hunturu yana yaudara: iska busasshiya ce, zufa na bushewa tun kafin ta jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba, alhali sikeli zai nuna masa akasin haka.

Kada ka ce duk abin da ya fita sai ka mayar da shi a hanya. Cikin mai gudu ba ya karɓar haka. Yawancin mutane suna iya shan mililita 400 zuwa 800 a awa ba tare da ruwan ya tsaya yana kaɗawa a ciki ba. Mutumin misalinmu, idan yana shan 700 a awa, yana bin kansa bashin 600 kowace awa. Kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kilo 1.3 ne, wato bayan awa biyu da ƴan mintoci ya kai inda ƙarfi ke fara raguwa, bugun zuciya ya hau, ƙafa ta yi nauyi. Falmaran ba ta maganin wannan. Maganinsa fita da asuba, rage sauri, da jiƙa kai da wuya duk inda aka samu ruwa.

Mataki na biyu: ka auna hanyar

Tsawon gudun gaba ɗaya ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne wuri mafi nisa tsakanin ruwa da ruwa. Ka bi hanyar da babur ko keke tukuna, ka lura da inda famfon tuƙa-tuƙa yake, inda mai tebur ke sayar da ruwan leda, da lokacin da yake buɗewa, don mai shagon ƙauye ba lallai ya fito da ƙarfe shida ba. Sannan ka lissafa da mintoci, ba da kilomita ba. Kilomita 10 a kan kwalta da kilomita 10 cikin yashin gulbi ba ɗaya ba ne. Na biyun zai iya cin ƙarin minti ashirin ko fiye.

A ce wuri mafi nisa minti 90 ne. Awa ɗaya da rabi sau mililita 700 ya ba da lita 1 da ɗan ɗori. Ka ƙara rabin lita ta ajiya saboda ɓatan hanya, targaɗe, ko famfon da ka tarar ya lalace. Ka ga kana buƙatar falmaran mai ɗaukar lita 1.5 zuwa 2. Idan gudun zai ratsa lokacin salla, ka sa ruwan alwala cikin lissafi, kada ya fito daga na sha. Ka tuna kuma lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Lita 3 da waya da guzuri sun kusa kilo 4 a kan haƙarƙari, kuma bayan awa uku za ka san da su.

Wani abu game da hanya da bai shafi ruwa ba: yankunan da ke kusa da iyaka, kudu da Madarumfa da wajen dajin Baban Rafi, sun sha fama da ƴan bindiga. Kada a zana hanyar gudu ta can sai an tambayi mutanen wurin, kuma kada a tafi mutum ɗaya.

Mataki na uku: ka fahimci lambar da ke jikin falmaran

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Idan ka ga an rubuta 5L ko 8L ko 12L, ba yawan ruwa ake nufi ba. Faɗin dukan aljihunan ne a haɗe. Falmaran mai 12L tana iya zuwa da goruna biyu kawai, wato lita 1 ta ruwa, sauran wurin na kaya ne. Don haka tambayoyi biyu za ka yi wa mai sayarwa: goruna nawa take ɗauka a gaba, kuma salka mai lita nawa ke shiga bayanta?

Ga gudun awa ɗaya zuwa biyu kusa da gari, ƙarama mai lita 2 zuwa 5 ta wadatar. Ga gudun awa uku zuwa shida, wanda shi ne abin da yawancin masu shirin kilomita 30 zuwa 50 ke yi, mai lita 5 zuwa 8 ce ta fi dacewa da ƙasarmu, muddin tana da wurin salka mai lita 1.5. Mai lita 12 ta wanda zai yini ya kai dare ce, ko wanda zai je gasar waje inda ake wajabta ɗaukar rigar ruwan sama da fitila biyu da bargon gaggawa. Gasa irin Marathon des Sables ta hamadar Maroko, mai kusan kilomita 250, inda mutum ke goya abincinsa na mako guda, ba aikin falmaran ba ne, jaka ce mai lita 20 ko kusa da haka.

Ra'ayinmu a nan shi ne kada a sayi babba don ko-ta-kwana. Babbar falmaran da ba a cika ba tana barin kaya su yi ta yawo a ciki, kuma ƙarin yadin yana rufe baya, wurin da jiki ya fi fitar da zafi. A Maradi duk tafin hannu guda na bayan da aka rufe, ana biyan kuɗinsa da zufa.

Mataki na huɗu: goruna a gaba ko salka a baya

Goran gaba yana da kyau ta fuska huɗu. Kana ganin abin da ya rage da idonka. Kana cika shi a famfo cikin ƴan daƙiƙu ba tare da ka tuɓe falmaran ba. Yana motsewa yayin da ake sha, don haka ruwa ba ya kaɗawa a ciki. Sannan kana iya raba abin sha: ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari. Aibinsa shi ne biyun lita 1 ce kawai, kuma zafin ƙirji yana ɗumama su da wuri.

Ka duba bakin goran. Akwai mai ƙaramin baki, kimanin milimita 28, akwai mai faɗi, milimita 42. Ka ɗauki mai faɗi. Ƙanƙara na shiga, ana iya juye ledar ruwa ciki ba tare da rabi ya zube ba, ana iya wanke cikinsa, kuma murfin tace ruwa da wasu kamfanoni ke yi yana hawa kansa. Ka duba tsawonsa ma. Gorunan Salomon dogaye ne sirara, wasu kamfanonin kuma nasu gajeru ne masu faɗi. Idan ka zura gajeren gora cikin dogon aljihu, da ka sha rabi zai nutse ƙasa, sai ka tsaya kana laluben bakinsa. Falmaran mai kyau tana da ƴar igiyar roba a bakin aljihun da ake maƙala wa wuyan goran don kada ya nutse.

Salka kuwa tana ɗaukar lita 1.5 zuwa 2, kuma nauyinta na kwanciya a tsakiyar baya. Asalin wannan dabara ma daga wurin zafi ta fito: a ƙarshen shekarun 1980 wani ma'aikacin agajin gaggawa, Michael Eidson, ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti ya cusa ta cikin safa ya goya a tseren keke a Texas ta Amurka, daga nan aka samu kamfanin CamelBak. Matsalolinta su ne ba ka ganin abin da ya rage, cika ta sai an tuɓe, kuma tana toshe iska a baya. Idan za ka saya, ka nemi wadda samanta ke buɗewa gaba ɗaya, a naɗe shi a zura masa maƙalli, don hannu ya iya shiga wajen wanki. Ka nemi wadda tiyonta ke cirewa daga gindi da ɗan maɓalli, kuma kan tsotson yana da makulli da murfin ƙura.

Ga mai gudu a nan, amsar ita ce falmaran mai karɓar duka biyun. Da hunturu ko a gajeren zango ka fita da goruna kawai. Da bazara ko a hanyar da ruwa ya yi nisa ka ƙara salka, ka fara shan ta baya, ka bar na gaba su zama ajiyar da kake gani.

Mataki na biyar: awo da gwaji

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Falmaran ba jaka ba ce da za a ce kowa ya ja maɗauri ta yi masa. Tufa ce mai lamba, daga XS zuwa XL, kuma lambar wani kamfani ba ta zama ta wani.

Ka je wurin tela ya auna ka da tef ɗinsa, kana sanye da rigar da kake gudu da ita. Awo biyu za a yi: kewayen ƙirji a inda ya fi faɗi, da kewayen ƙasan haƙarƙari, kimanin yatsu huɗu ƙasa da na farko. Ka tsaya daidai, ka saki numfashi kamar kullum, kada ka kumbura ƙirji. A rubuta da santimita. Kowane kamfani yana da jadawalin awonsa, kuma yana faɗin wanne daga cikin biyun yake nufi. Idan awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, ka dubi yadin: mai miƙewa sosai, ɗauki ƙaramar, domin zai saki bayan ƴan makonni, marar miƙewa mai maɗauran gefe, ɗauki babbar.

Kada ka taɓa gwada falmaran babu komai a ciki. Fanko kowacce daɗi gare ta. Ka cika gorunan biyu, ka sa salka cike ko ledar ruwa uku a baya, ka sa wayarka a inda za ta zauna. Ka fara ɗaure igiyar ƙirji ta ƙasa, sannan ta sama, sannan ka ja na gefe idan akwai. Yanzu sai gwaji:

Ka yi tsalle sau ashirin a wuri ɗaya. Ruwan zai motsa, amma falmaran kanta kada ta rabu da jikinka ta dawo ta buge ka. Idan kafaɗun suna ɗagawa sama suna sauka, ta yi maka yawa.

Ka ja dogon numfashi har ƙirji ya cika. Idan ka ji an tare ka kafin ka kai ƙarshe, ta matse, ko kuma igiyoyin ƙirjin ba na roba ba ne. Igiyar da ba ta miƙewa tana hana numfashi a hawan tudu.

Ka dubi gaban a madubi ko a hoton waya. Gefuna biyun su tsaya a miƙe, da tazarar yatsu uku zuwa tafin hannu a tsakaninsu. Idan sun haɗe har suna taɓa juna, ba sauran abin ja lokacin da goruna suka motse. Idan sun buɗe har gorunan sun koma wajen hamata, hannunka zai riƙa gogarsu a kowane taku.

Ka kaɗa hannu kamar kana gudu, ka ɗaga su sama, ka waiwaya dama da hagu. Ka lura da wuri uku: gefen wuya, bayan hamata, da ƙasan haƙarƙari inda bakin falmaran ya ƙare. Abin da ka ji yana ɗan taɓa ka a minti biyu, shi ne zai zama gyambo a awa uku, idan gishirin zufa ya bushe a yadin ya koma kamar sandfefa.

Ka sunkuyar da kai ka kama bakin goran da leɓe ba tare da ka ciro shi ba. Ka miƙa hannu ka taɓa kowane aljihu kana tafiya. Aljihun da sai an tuɓe ake kai masa, na abin da ba a buƙata ne sai an tsaya.

Ga mata akwai ƙarin magana. ƴar'uwa, ki yi awon kina sanye da rigar maman da kike gudu da ita, ki auna saman ƙirji da ƙasansa. Goruna biyu cike a kan ƙirji suna danna wa mata da yawa, shi ya sa wasu kamfanoni ke ɗinka ta mata daban, inda aljihun goran ke sauka ƙasa wajen haƙarƙari, a sa masa dogon tsinken tsotso ya hau zuwa baki. Ki nemi wadda ake iya matsar da igiyoyin ƙirjinta sama ko ƙasa, ɗaya ta bi ta sama ɗaya ta ƙasa, kada wata ta ratsa tsakiya. Idan kina gudu da hijabi, ki gwada da shi, ki tabbata bakinsa bai naɗe ƙarƙashin kafaɗar falmaran ba, don ninkin yadi a wurin yana ƙuje fata.

Mataki na shida: yadi, zif da aljihu

Ka ɗaga bayan falmaran ka dubi haske ta cikinsa. Idan haske na ratsowa, iska ma za ta ratsa. Mai soso mai kauri a baya tana shan zufa ta yi nauyi, ta kuma daɗe ba ta bushe ba. Falmaran fanko galibi tana tsakanin giram 150 zuwa 350. Wadda ta wuce haka sosai jakar keke ce ko ta tafiyar ƙasa. Launi mai haske ya fi baƙi dacewa a rana, ko da yake zai nuna jar ƙasa.

Ragar tana da abokiyar gaba a dajinmu, wato ƙarangiya. Daga ƙarshen damina zuwa kaka tana maƙalewa a duk yadin da ke da manyan ƙofofi, kuma idan ka ajiye falmaran a ƙasa don cika salka, za ka ɗauke ta da ƙaya cike da bayan da zai kwanta a fatarka. Ka zaɓi wadda ragarta ƙanana ce, ta waje kuma mai santsi. A daji ka rataye ta a reshe ko ka ɗora ta kan takalminka. Ƙayar aduwa da ta magarya kuwa suna huda gora mai laushi kai tsaye, don haka aljihun gaban ya rufe goran har wuya.

Zif yana shan wahala da ƙurar hunturu. Gwamma falmaran mai zif ɗaya ko biyu, na waya da na makulli da kuɗi, sauran aljihunan kuma masu bakin roba. Aljihun waya ka gwada shi da wayarka ta gaske, kuma ka sa ta cikin leda, don zufa na ratsa kowane yadi. Ka tabbata akwai wurin dabino, ƙuli-ƙuli ko aya da hannu ke kaiwa, da ɗan usur a kafaɗa. Maɗaurin sanduna ba ya cikin abin da za ka biya wa kuɗi idan gudunka a nan ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce.

Mataki na bakwai: saye

Ba kaya ba ne da ake samu a kowane kanti. Ko dai a dace da ita wurin ƴan gwanjo, ko a yi saƙo daga Yamai, Kano ko waje. Wanda zai yi saƙo ya aika da awonsa na santimita, ba harafin M ko L kawai ba. Akwai masu tsada irin Salomon, Ultimate Direction, Nathan da CamelBak, akwai masu sauƙi irin na Decathlon da Aonijie. Mai sauƙin da ta zauna a jikinka ta fi mai tsadar da ke tsalle.

Idan ta gwanjo ce, ka ja kowace igiyar roba ka saki. Wadda ba ta koma yadda take ba ta mutu. Wannan kam, tela zai iya canja ta. Ka buɗe kowane zif sau biyar. Ka duba ɗinkin gindin aljihun gora da inda kafaɗa ta haɗu da baya, nan ne suke fara yagewa. Idan tela zai gyara yadi mai miƙewa, ya yi ɗinkin zigizag, don miƙaƙƙen ɗinki yana tsinkewa da an ja. Tsofaffin goruna da salkar da suka zo da ita kuwa, idan ka ga baƙin ɗigo a cikin tiyo ko ka ji wari, ka zubar ka sayi sababbi. Sabo ko tsoho, ka cika shi, ka rufe, ka ɗora a busasshen siminti ka danna da tafin hannu, ka bar shi minti goma. Ɗigo ɗaya zai nuna kansa.

Bayan an saya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fita da ita cike sau uku ko huɗu a gajeren zango kafin babban gudu, ka gano inda take taɓa ka. Ka sa riga mai hannu da ɗan wuya a ƙarƙashinta, ba singileti ba, don kada yadin ya taɓa fata. Ka shafa man kaɗe ko basilin a gefen wuya, hamata da ƙasan haƙarƙari. Yayin da ruwa ke raguwa falmaran za ta saki, sai ka riƙa ƙara jan igiyoyin a hanya.

Idan salka tana ƙara a bayanka, iska ce a ciki. Bayan ka cika ta ka rufe, ka juya ta gindi sama, iskar za ta taru wajen bakin tiyo, sai ka tsotse ta har ruwa ya zo. Idan kurɓin farko kullum zafi ne, ruwan da ya kwana cikin tiyo ne rana ta dafa. Bayan ka sha ka hura shi ya koma salka. Don samun sanyi, ka zuba ruwa rabi ka kwantar da salkar a firigo ta daskare, bakin tiyo yana sama don kada ƙanƙara ta toshe shi, da asuba ka cika sauran. Idan an ɗauke wuta, ƙanƙarar leda da aka farfasa ta isa, sai dai a tabbata da ruwan sha aka yi ta.

A gudun da ya wuce awa biyu cikin zafi, ruwa zalla kaɗai bai isa ba. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa fiye da abin da yake zubarwa, ba gishiri, gishirin jininsa na iya faɗuwa, ya ji ciwon kai da tashin zuciya, yatsu su kumbura, kuma abin yana kai wa ga halaka. Haɗin da aka sani na gida shi ne lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka zuba shi a gora ɗaya na gaba, ba a salka ba. Fura, kunu da zoɓo kada su shiga ko ɗaya. Tiyo ba ya wankuwa daga gari da tsami. Ruwan rijiya ko na tafki sai an sa masa ƙwayar tsabtace ruwa yadda takardarta ta ce, a jira minti 30. Idan abokin gudu ya fara tangaɗi ko maganarsa ta rikice, a tsayar da shi a inuwa, a tuɓe masa falmaran, a juye masa ruwan a jiki ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Wanki a ranar ake yin sa. A ɗauraye goruna da salka da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don zafi yana sakin liƙin robar. Wanda aka sa wa sukari a wanke shi da ɗan sabulu, a tsotso ruwan ta bakin don ya wanke can ciki. Idan ya fara wari, a jiƙa shi da ruwan lemun tsami na rabin awa. A cusa cokali mai tsabta cikin salkar don bangonta ya rabu, a rataye ta baki ƙasa a inuwa, a cire tiyon a kaɗa shi har ruwan ya fita. Falmaran kanta a wanke ta da hannu da ruwan sanyi a shanya a inuwa, domin rana tana kashe roba. Zif ɗin da ya fara cijewa a goge haƙoransa da tsohon buroshi, a shafa masa kyandir. Kada a sa masa mai, don yana kama ƙura ya ƙara toshe shi.